FASHIN BAƘI: Ma'anonin kalmar 'Appropriation' da bambancin ware kuɗi, karɓe fili da handame dukiya

A duk ƙarshen shekara, idan gwamna ya miƙa kasafin kuɗi ga Majalisar Dokokin Jihar Kebbi, kalmar Turanci ta 'appropriation' kan cika takardun gwamnati da rahotannin jaridu. Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara duk ma'anoninta. A wani wurin tana nufin aikin da doka ta wajabta, a wani wurin kuma tana nufin abin da ke kai mutum gaban alƙali. Asalinta daga Latin ne, inda tushenta ke nufin mutum ya mayar da abu nasa.

Ma'ana ta farko: ware kuɗi

A harshen mulki, ma'anarta ita ce izinin da majalisa ke bai wa ɓangaren zartarwa na cire wani adadi daga baitulmali domin wani aiki takamaimai. Kalmomin da ke daidai da ita su ne warewa, keɓewa da kasaftawa. Sashe na 80 da na 81 na Tsarin Mulkin 1999 ne suka shimfiɗa ƙa'idar ga Gwamnatin Tarayya, sashe na 120 da na 121 kuma ga jihohi: ba a taɓa asusun gwamnati sai da izinin doka. Idan sabuwar shekara ta kama ba a zartar da kasafi ba, sashe na 82 da na 122 sun yarda a ci gaba da kashe kuɗi na wani lokaci da bai wuce wata 6 ba.

Mazaunin Jega, Aliero ko Maiyama na rayuwa ne a ƙarƙashin kasafi uku. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega ta nufi Koko da Yawuri ta Tarayya ce, don haka a kasafin Abuja ake neman kuɗinta. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 ta jiha ce, kuɗinta na fitowa daga kasafin Birnin Kebbi. Kasuwanni da tashoshin mota kuwa Tsarin Mulki ya ɗora su a wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye.

A nan ne ake yawan samun ruɗani. "An ware" daban, "an saki" daban, "an kashe" daban. Warewa izini ce a takarda. Saki shi ne kuɗin su isa asusun ma'aikatar da za ta yi aikin. Kashewa ita ce a biya ɗan kwangila, aiki ya tabbata a ƙasa. Manomin albasa a Aliero da ya ji an ware kuɗin gyaran hanyar ƙauyensu, shekara ta ƙare bai ga ko tifa ɗaya ba, tambayar da ta dace ya fara yi ita ce: nawa aka saki daga cikin abin da aka ware? Amsar ce za ta nuna ko kuɗin shiga ne suka gaza, ko kuwa an saki kuɗin sun bi wata hanya.

Ma'ana ta biyu: karɓe kadara

Kalmar na kuma nufin hukuma ta karɓi fili ko gona domin amfanin jama'a. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mallaka idan maslahar jama'a ta buƙata, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya, wadda akasari ta shafi gini, shuka da sauran abin da aka raya a filin. Idan an bi ƙa'ida an biya diyya, "karɓe" ita ce fassarar da ta dace. Idan babu sanarwa babu diyya, Bahaushe "ƙwace" yake cewa.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu, wadda garuruwan nan uku ke cikinta. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa "kamuwa", wato kama dabbobin talakawa ba da yardarsu ba domin ɗaukar kayan sarki, cikin ɗabi'un mulkin da ya soka.

Ma'ana ta uku: handama

Idan aka liƙa wa kalmar ɗafa-goshin 'mis', sai ta koma laifi: mutum ya mayar da abin da ba nasa ba zuwa amfanin kansa. Kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya keɓe wa wannan laifi sashe nasa, dabam da sata da cin amana. Hausa na da kalmomi da yawa a nan, kowace da nauyinta. Karkatarwa ita ce kai kuɗin wani aiki ga wani aikin. Almundahana ta haɗa da murɗiya a lissafi. Wawura da handama na nuna ɗibar ganima ba kunya. Almubazzaranci kuwa ɓarna ce, ko da mai yin ta bai sa ko kwabo a aljihunsa ba.

Akwai ma'ana ta huɗu da ta yaɗu a muhawarar zamani, wato ɗibar ado, kiɗa ko zanen wata al'umma a ci riba da su ba tare da ambaton masu su ba.

Zaɓen kalma a nan ba ƙaramin abu ba ne ga mai fassara da mai rahoto. Wanda ya rubuta "an wawure" a inda takarda ta ce "an ware" ya yi wa wani ƙazafi. Wanda ya rubuta "an karɓe" a inda aka ƙwace gonar talaka babu diyya ya rufa wa zalunci asiri.