Murjani: Dabbar Teku a Wuyan Amarya

Murjanin da iyayenmu mata ke ɓoyewa a adaka ba dutse ba ne. Ƙashin wata dabba ce mai rassa da ke rayuwa a ƙarƙashin Bahar Rum, wadda tsawonta ba ya ƙaruwa sai da 'yan milimita a shekara. Daga gaɓar Tunisiya da Italiya ake ciro shi, ayarin raƙuma su ƙetaro Sahara da shi ta Turabulus da Gadamas. A 1824 Clapperton ya tarar da shi a kasuwar Kano, kafin ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mai ribaɗin Wurno. Yau yawan cira da ɗumamar teku sun ƙarantar da shi. Mai murjanin gado ta yi nazari kafin ta sayar.