Fatalwa Ba Ta Kama Boka: Tarihin Gardamar Masoya Pokémon

Ranar 27 ga Fabrairu, 1996, kamfanin Nintendo ya fitar da wani wasa a Japan a kan 'yar na'urar hannu ta Game Boy, wasan da wani ƙaramin kamfani mai suna Game Freak ya shafe wajen shekara shida yana fama da shi. Sunansa Pocket Monsters, wato dodannin aljihu, wanda duniya ta fi sani da Pokémon. Satoshi Tajiri, wanda ya kawo tunanin, ya taso ne a Machida da ke gefen Tokiyo yana farautar ƙwari, kuma wannan sha'awar ce ya mayar wasa: ka kama dodo, ka rene shi, ka haɗa guda shida, ka kara da na wani. Dodanni 151 ne, an kasa su jinsi 15, kowane jinsi da wanda yake ci da wanda ke cin sa. Ruwa na kashe wuta, wuta na cinye ciyawa, ciyawa na shanye ruwa. A takarda dai kowa da maganinsa.

A cikin kaset ɗin labarin ya sha bamban. Akwai jinsin da ke yaƙi da sihirin tunani, irin su Alakazam mai riƙe da cokula biyu da kuma Mewtwo, waɗanda za mu kira bokaye don sauƙin magana. An tsara cewa ƙwari da fatalwa ne maganinsu. Wani ɗan wasa a cikin gem ɗin ma yana faɗin haka da bakinsa, sannan a katun ɗin talabijin sai da Ash ya je ya nemo fatalwa kafin ya sake tunkarar Sabrina. To amma a jadawalin da ke cikin manhajar, gurbin da ya kamata ya ce harin fatalwa yana ninka ɓarna a kan boka sai ya ce ba ya taɓa shi sam. Ƙari a kan haka, fatalwowi uku kacal ne a wasan, Gastly da Haunter da Gengar, kuma dukkansu suna da gamin jinsin guba, wanda boka ke yi wa cin kaca. Hare-haren ƙwari kuwa ba su da ƙarfin a zo a gani. Yaron da ya gaskata abin da aka faɗa masa ya ɗauki fatalwarsa ya nufi boka, duka zai sha.

Ba wannan kaɗai ba ne. Harin da aka rubuta cewa ba ya kuskure, ɗari bisa ɗari, yakan kuskure sau ɗaya cikin 256. Dalilin zai ba duk mai rubuta manhaja dariya da tausayi a lokaci guda: ana ajiye daidaiton hari a bayit ɗaya, daga 0 zuwa 255, sai na'ura ta jefa ƙuri'a a cikin wannan tazara, harin ya samu idan lambar da ta fito ta gaza ta daidaiton. In 255 ta fito, ba ta gaza 255 ba, sai harin ya wuce ta gefe. Alama ɗaya ce aka rasa a layi ɗaya. Akwai kuma dabarar Focus Energy da aka yi don ta ƙara yiwuwar mummunan bugu, amma sai take rage shi. Mu da muke wannan sana'a mun san yadda ake haihuwar irin waɗannan: mutane kaɗan, wuri ƙarami, lokaci ya ƙure. Shi kansa Mew, dodo na 151, Shigeki Morimoto ne ya cusa shi a ɗan gurbin da ya samu bayan an cire kayan gwaji, dab da a kai wasan kasuwa.

Na tsaya a kan waɗannan ne saboda duk lokacin da gardama ta tashi, akwai masu cewa a da can komai daidai yake, daga baya ne aka lalata. Wasan farko shi ne mafi karkata a dangin gaba ɗaya. Masu buga shi a gasa har yau da wuya su fito ba tare da Tauros da Snorlax da Chansey ba.

Yadda Game Freak ya gyara matsalar bokaye shi ya zama ɗabi'arsa ta shekaru ashirin. A 1999, cikin Gold da Silver, an gyara gurbin fatalwa, amma babban maganin shi ne ƙari: jinsin duhu, wanda sihiri ba ya kama shi, da jinsin ƙarfe, wanda sihiri ke yi wa ɓarna kaɗan, da sababbin dodanni 100. Da daragon suka addabi kowa, a 2013 aka ƙirƙiro jinsin aljanu, wanda harin daragon ba ya taɓawa, jinsi suka zama 18. In abu ya yi ƙarfi, a haifo masa abokin gaba. Dabara ce mai daɗi ga mai saye, domin ba a ƙwace masa komai ba, kuma mai daɗi ga mai sayarwa, domin sabon kaya ne. Sai dai kowane ƙari bashi ne. Duk dodon da ya shigo dole ya zauna lafiya da dukkan na gabansa, da hare-harensu, da kayan da suke riƙewa, kuma yawan haɗuwar da za a gwada yana ninkuwa fiye da yadda ma'aikata za su iya bi.

Masoyan da suka ɗauki karawa da muhimmanci ba su jira kamfani ba. A 2004 aka kafa Smogon, ƙungiyar 'yan wasa da ta aro sunanta daga yadda Jamusawa ke kiran dodon hayaƙi Koffing. Abin da suka yi ya fi kama da tsarin ƙwallon ƙafa a Ingila, inda ake da Firimiya da rukunan da ke ƙasa da ita. Sun yarda tun farko cewa dodannin ba ɗaya suke ba kuma ba za su taɓa zama ɗaya ba, sai suka kasa su rukuni-rukuni gwargwadon yawan amfani da su: OU ga waɗanda aka fi ɗauka, UU da RU da NU a ƙasa, Ubers kuma ga ƙattin da suka fi ƙarfin kowa. Ta haka ƙaramin dodo yake samun filin da zai yi tasiri a cikin sa'o'insa. In ana zargin wani ya fi ƙarfin rukuninsa, sai a sa shi a gwaji, a kaɗa ƙuri'a, kuma ba kowa ke jefawa ba sai wanda ya kai wani matsayi a teburin nasara. Galibi ana neman kashi 60 cikin ɗari kafin a kore shi. Haka aka yi wa Garchomp a 2008. Daga 2011 kuma suka samu Pokémon Showdown, manhajar kwaikwayon karawa da Guangcong Luo ya fara rubutawa, wadda kowa zai iya buɗewa a burauza ya haɗa tawaga cikin minti biyar ba tare da ya reni komai ba.

A nan akwai wani abu da masu ƙorafi kan manta. Smogon ta fi buga ɗaya da ɗaya, shida da shida. Gasar duniya ta kamfani kuwa biyu da biyu ake yi, ka zo da shida ka zaɓi huɗu. Wasanni biyu ne daban da ke amfani da dodanni iri ɗaya. Ɗauki Stealth Rock, dabarar da ta shigo a 2006, wadda ke watsa duwatsu a filin abokin karawa su riƙa sarar duk wanda ya shigo. A karawar ɗaya da ɗaya, inda ake yawan canja dodo, ta zama sarauniya. Charizard, ɗan lelen miliyoyin yara, rabin jininsa ke tafiya da zarar ya sa ƙafa, domin wuta ne kuma mai fiffike, dutse na ninka masa ɓarna sau huɗu. A gasar kamfani kuwa ba kasafai ake damuwa da ita ba. Sai a 2019 aka kawo wani takalmi da ke kare dodo daga duwatsun, bayan shekara goma sha uku ana kuka. Da Mega Rayquaza ya fito a 2014, rukunin ƙattin ma ya gagara ɗaukarsa, sai da Smogon ta buɗe wani sabo da babu doka a cikinsa.

Gardamar zane ta fi wannan zafi, duk da cewa hujjarta ta fi rauni. A 2010, Black da White suka zo da sababbin dodanni 156, kuma ba ka ganin tsoho ko ɗaya sai ka kammala labarin. Biyu daga ciki suka zama abin nuni: Vanillite, mai siffar askirim, wanda James Turner ɗan Birtaniya ya zana, da Trubbish, ledar shara mai idanu. Aka ce basira ta ƙare a Game Freak. Masu kare su suka ce to a waiwaya 1996 mana: Voltorb ƙwallo ce mai ido, Grimer taɓo ne, Magnemite maganaɗisu ne da kusoshi, Dugtrio kuwa Diglett uku ne aka jera. A ganina masu kariyar sun fi gaskiya, ko da yake salon zanen ya sauya da gaske, daga ruwan fentin Ken Sugimori mai laushi zuwa layuka masu tsabta da suka dace da allon zamani. Abin da ya fi tasiri shi ne shekarun mutum ranar da ya fara kama dodonsa. A zaɓen gwarzon shekara da aka yi ta Google a 2020, Greninja na 2013 ne ya zo na ɗaya, Charizard ya ƙare a na huɗu. Yaran da aka ce an ba su tarkace sun girma, sun kuma yi zaɓe.

Tsakanin masu lissafi da masu ƙauna akwai wata magana da ake jifan juna da ita. A Gold da Silver, wata gwana mai suna Karen takan gaya wa ɗan wasa cewa ƙwararre na gaskiya da dodannin da yake so yake neman nasara. Masu ƙauna suka riƙe wannan kamar tuta, kuma a 2014 suka samu gwarzo: Se Jun Park na Koriya ta Kudu ya ci gasar duniya a Washinton da Pachirisu, ɗan kurege mai lantarki da ba wanda ke kallo. Amma duba dalilin ɗaukarsa. Pachirisu yana da dabarar janyo hari zuwa kansa, kuma lantarki ƙara masa jini yake yi, don haka ya zama garkuwa ga Gyarados, wanda lantarki ke kayarwa nan take. Lissafi ne tsantsa, wanda ya yi sa'ar faɗawa a kan kyakkyawar fuska.

Bashin da aka daɗe ana tarawa ya zo biya a watan Yuni na 2019. A bajekolin E3, Junichi Masuda ya sanar cewa ba duk dodanni ne za su iya shiga Sword da Shield ba. A lokacin sun kai 809, kuma kundin sabon wasan 400 kawai ya ɗauka, har da sababbi. Don a gane zafin abin, sai a san cewa tun daga Ruby da Sapphire na 2002 akwai sarƙar da ba ta tsinke ba: dodon da ka kama a can kana iya ɗauko shi zuwa Diamond da Pearl, ka wuce da shi Black da White, ka ajiye shi a Pokémon Bank da a lokacin ake biya wa kuɗin shekara, ka shigar da shi wasa na gaba. Akwai mutanen da suka yi shekara goma sha shida suna tafe da dodo ɗaya, tun suna firamare har suka yi aure. Wasan da aka tallata da kiran a kama su duka, shi ne yanzu yake cewa naka ya tsaya a waje. Masoya suka laƙaba wa abin suna Dexit, suna shaguɓe da ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai.

Masuda ya kawo dalilai biyu: aikin inganta motsi da surar dodanni a kan na'urar Switch, da kuma daidaiton karawa. Na farkon ya gamu da tirjiya bayan masu tona manhaja sun nuna cewa surorin tsofaffin dodanni da yawa kusan iri ɗaya ne da na 3DS. A matsayina na mai wannan aiki ba na raina wahalar, domin sura ɗaya ba ita ce aikin duka ba, akwai haske da laushin fata da motsi da gwaji, kuma duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar manhaja ya san ranar yanke wani abu tana zuwa. Dalili na biyun ne ban saya ba. Wasan da aka rage wa dodanni don a samu daidaito shi ne ya haifo Dracovish, wanda Smogon ta kora daga OU, da Zacian, karen da ke riƙe da takobi a baki, wanda aka kora daga Ubers ma. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Sai a 2022, cikin Scarlet da Violet, kamfanin ya rage wa Zacian ƙarfi kai tsaye, kamar yadda ya rage wa Mega Kangaskhan da Talonflame a 2016.

Duk da hayaniyar, Sword da Shield sun sayar da kwafi sama da miliyan 6 a makon farko, daga baya suka haura miliyan 26, kuma tsarin yankewa ya zauna daram. Dodanni sun kai 1,025, babu wasa ɗaya da ya ɗauke su duka.

Masoya kuwa suka koma ga abin da suka saba. A Pokémon Showdown aka buɗe wani tsari mai suna National Dex, inda aka dawo da duk wanda aka yanke, tare da su Mega da kamfani ya ajiye, kowa ya zo da nasa. Ba a daɗe ba aka fara gwaji da kaɗa ƙuri'a a can ma, kuma yau tsarin yana da nasa dogon jerin dodannin da aka hana shiga.