Ƴaƴan Itace da Sunayensu a Tarihin Ƙasar Madarunfa

Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda ƴaƴan itatuwan da ake ci a ƙasar Madarunfa suka samu, da kuma abin da sunayensu ke nunawa game da hanyoyin da suka biyo. Dalilin yin haka kuwa shi ne, kalmar nan ta “ƴaƴan itace”, wadda mutanen wannan yanki suka fi faɗa da “ɗiyan icce”, ma'anarta ta ƙuntata. Idan aka ambace ta a yau, abin da ke fara zuwa a zuciyar mai saurare shi ne mangwaro da lemu da ayaba da gwaiba. Kanya da magarya da aduwa da ɗinya kuwa sai an ƙara musu da “na daji” tukuna. Alhali waɗannan na biyun su ne ƴan gida, na farkon duka baƙi ne, wasunsu ma ba su daɗe da sauka ba.

Garin Madarunfa yana kudu da Maraɗi, tsakaninta da iyakar Nijeriya, a bakin tabkin da ke ɗauke da sunansa. Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, shi ne ya ratsa yankin kafin ya wuce ta Maraɗi da Tsibiri ya sake komawa Nijeriya, Gulbin Gabi kuma yana zuba a tabkin. Saboda haka ƙasar tana da fadama mai laka da ruwa kusa, abin da ya bambanta ta da jigawar da ke arewa. A irin wannan wuri ne kanya da tsamiya da ɓaure suke girma su yi duhuwa. Cikin shekara ta 2006 hukumar Nijar ta gabatar wa UNESCO tabkin da gandun dajinsa da kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, don a sa su a jerin wuraren da ake neman a ɗauka kayan gadon duniya.

Shaidar farko da za a dogara da ita ta fito ne daga maƙwabta. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina cikin 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna ta yi gudun hijira, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajejen 1819. Ashe ke nan Madarunfa ƙasar Katsina ce, harshe ɗaya, dawa ɗaya. To, Bature matafiyi Heinrich Barth ya biyo ta Tasawa da Gazawa ya shiga Katsina a farkon 1851, abokin tafiyarsa Overweg kuma ya nufi Maraɗi da Gobir. Da Barth ya zo bayanin albarkar ƙasar Katsina, ya nuna cewa ɗorawa da tsamiya da kaɗanya su ne itatuwan da ake gani ko'ina, ayaba da gwanda kuwa sai a wurare masu ni'ima. Babu mangwaro a wannan lissafi nasa, babu gwaiba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsarin da aka sani yanzu kifaffe ne: abin da ke ko'ina a wancan zamani shi ne ya koma gefe.

Sunayen garuruwa ma suna ba da irin wannan shaida. Akwai Magarya a jihar Damagaram, akwai Kukawa ta Barno wadda Shehu Laminu ya kafa cikin 1814, akwai filin Giginya a Sakkwato inda aka gwabza da Ingilishi cikin 1903. Mutane sukan ba wuri sunan itacen da suka tarar a tsaye ne, ba wanda za su dasa daga baya ba.

Baƙin itatuwan kuwa ta hanyoyi uku suka shigo, kuma kowace hanya ta bar tambarinta a bakin mutane.

Hanyar arewa ita ce mafi tsufa. Dabino ya biyo ayarin Azbin da Kawar, masana harsuna kuma suna danganta sunansa da wata tsohuwar kalma ta Berber wadda ita ma ake jin daga harshen Misirawan dauri ta samo tushe. Barebari suna da irinta. Lemu daga Larabci yake, “laimun”, su kuma Larabawa daga Farisa suka karɓa. Inabi da rumman da zaitun da tuffa su ma Larabci ne, to amma shigarsu daban ce, don kuwa ta littafi suka zo ba ta kasuwa ba. Almajiri ya san sunan inabi tun yana gaban allo, ko da bai taɓa ganin ƙwayarsa ba. A inda malamai suka ga akwai ɗan gida mai kama da na cikin littafi, sai su yi fassara maimakon aro: “tin” ya zama ɓaure, “sidr” ya zama magarya, har aka sami “magaryar tuƙewa” a bakin masu wa'azi. Abin lura a nan shi ne, itacen da Larabawa suka fi kira “sidr” ya fi kusa da kurna, wadda masana tsirrai ke ce wa Ziziphus spina-christi, fiye da magarya, watau Ziziphus mauritiana. Dangi ne dai, kuma fassarar ta riga ta zauna.

A wannan hanya ne ya kamata a tsaya a kan gwanda, domin labarinta shi ne labarin sauran a taƙaice. Gwandar da ake dasawa a gida asalinta daga tsakiyar nahiyar Amurka ne, saboda haka ba yadda za a yi ta iso Afirka kafin 1492. Amma kalmar “gwanda” ta girme ta a Hausa. Sunan wani ɗan gajeren itace ne na dawa, Annona senegalensis, mai ƴaƴa rawaya masu ƙanshi, wanda makiyaya da yara suka sani sarai. Da baƙuwar ta zo, aka ga ta yi kama da shi a launi da zaƙi, sai aka ce da ita “gwandar Masar”, kamar yadda aka kira wani baƙon hatsi na Amurka “masara”. J. M. Dalziel ya rubuta sunan a haka cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916. Sannu a hankali aka yar da “Masar”, baƙuwa ta riƙe sunan ita kaɗai, mai sunan na asali kuwa ya koma “gwandar daji”. Ambaton Masar ba lalle ya tabbatar da cewa ta can itacen ya biyo ba; yana iya zama dai Bahaushen wancan zamani ya ɗauka duk abin mamaki daga gabas yake. Larabawa ma sun yi irin wannan da tsamiya, wadda itacen Afirka ce, suka sa mata “tamr hindi”, watau dabinon Indiya, sunan da Turawa suka ara suka baza duniya.

Hanya ta biyu ita ce ta kudu, ta fatake. Masu zuwa Gwanja neman goro su ne ga alama suka dawo da kalmar “abarba”, don kuwa Tonawa suna kiran abin “aborobe”. “Agade” daga Yarbanci “ogede” yake, Nufawa kuma suna ce wa ayaba “yaba”. Sai dai fatake suna suka fi kawowa, ba kaya ba, tun da yake ayaba ba ta jure tafiyar wata biyu a kan jaki. Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, daga baya kuma motoci suka fara bin hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, sannan kayan kurmi suka zama abin da talaka ke gani a kasuwa.

Hanya ta uku ita ce ta bakin teku da mulkin Turawa. Mangwaro ɗan Indiya ne. Fotigis suka ari sunan daga harsunan kudancin Indiya suka ce “manga”, a Afirka ta Yamma kuma ya sami wutsiya, Yarabawa da Bambara duka suna cewa “mangoro”. Gwaiba da kashu daga Amurka suke, sunayensu kuma na mutanen can ne na asali, sun biyo ta bakin Sifaniyawa da Fotigis. A lambunan bariki da bakin hanyoyi aka fara ganin mangwaro a ƙasar Hausa, kafin masu fadama su karɓe shi. Irin na farko mai zare ne, ƙwallo babba, nama kaɗan. Irin da ake yi wa aure, kamar Kent da Keitt na Filorida ta Amurka, sai bayan mulkin kai suka yaɗu. Kalmar “aure” da manoma suka zaɓa wa wannan aiki na haɗa reshe da gindi ta fi duk wata fassara da kwamiti zai ƙago.

To, me ya sa baƙi suka rinjayi ƴan gida? Zaƙi da yawan nama suna ciki, ba shakka. Lokaci ma yana ciki, domin mangwaro da bazara yake nuna, sa'ad da rumbu ya fara sauka. Amma babban dalili na mallaka ne. Itacen da mutum ya dasa nasa ne, ya ci, ya sayar, ya bar wa magada. Wanda ya tsiro da kansa kuwa, dokar daji ta Faransawa ta 1935 ta sa shi a hannun hukuma, dokar Nijar ta 1974 kuma ta jera wasu itatuwa da aka hana sarewa sai da izini, cikinsu har da tsamiya da ɗorawa da kuka da aduwa da danya da goriba da giginya. An yi dokar ne don a kare su, amma a gonaki da yawa akasin haka ta haifar. Manomi ya ga idan ya bar tsiron tsamiya ya girma, ya jawo wa kansa ma'aikatan daji da tara, sai ya riƙa share shi tun yana ƙarami, ya je fadama ya kewaye mangwaronsa da ƙaya. Noman gyaɗa da ya cika ƙasar Maraɗi har zuwa farkon shekarun 1970 ya ƙara cinye dawa.

Yunwa ce ta tuna wa mutane darajar abin da suka raina. A farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 wanda a Nijar ake kira “El Buhari” saboda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, ba lambun mangwaro aka nufa ba. Aduwa aka tsotsa, aka ci dubagirarta, aka daka goriba, aka dama garin ɗorawa da na kuka, aka tona muruci, aka jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki har ɗacinsu ya fita aka dafa dilo. Duk waɗannan ilmi ne mai ƙa'ida, kuma kowane mataki yana da kalmarsa: kalwa daban, makuba daban, daddawa daban, alhali duka daga ɗorawa suke, kaba ita ce goriba tun tana ƙasa, daga gare ta Gulbin Kaba ya sami suna, akuri kuwa garin magarya ne da aka dunƙule aka turara. Mangwaro ba shi da irin wannan dangi na kalmomi, abin da yake da shi sunayen kasuwa ne irin su “binta siga” da “paparanda”.

Daga 1983 aka fara aikin nan da manoman Maraɗi ke kira “sassabin zamani”, watau a bar tohon kututture a gona a gyara shi ya zama itace, wanda Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya yi fice wajen yaɗawa. Da aka sassauta riƙon ma'aikatan daji, aka kuma yi sabuwar doka cikin 2004, itatuwa sun dawo gonaki da yawa. A daidai wannan tsakani fadamar kanta ta sauya, domin madatsar ruwan Jibiya da aka gama wajejen 1990 ta rage ambaliyar da gulbi ke yi, noman rani na famfo irin na Jiratawa kuma ya ƙaru. Kasuwar duniya ma ta waiwayo: cikin 2008 Tarayyar Turai ta yarda a sayar da garin kuka a ƙasashenta, wanda sinadarin bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemu. Cibiyar ICRISAT ta Sadore kuma ta yaɗa wata babbar magarya ta Indiya da ake aurawa a gindin ta gida, aka sa mata suna da Faransanci mai nufin tuffar Sahel. Idan ta karɓu sosai, ba abin mamaki ba ne magarya ta bi sawun gwanda, ta gida ta koma “magaryar daji”.

Ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci akwai abu biyu a nan. Na farko, duk cikin baƙin nan, mangwaro da lemu da ayaba da abarba da gwaiba da kashu da dabino, babu ɗaya mai baƙi mai ƙugiya ko “ts”. Ba ƙa'ida ba ce ta gane aro, tun da kalmomin Larabci da yawa sun shigo da ƙ da ɗ, kanya da aduwa kuma ƴan gida ne ba su da ko ɗaya. Amma mai neman hoton da zai koyar da haruffan da suka fi ba sabon ɗalibi wuya, a dawa zai same shi: ɓ a ɓaure, ɗ a ɗorawa da ɗinya, ƙ a ƙirya, ts a tsamiya da tsada. Manomin Gabi ko Safo ba ya bukatar a yi masa bayanin ko ɗaya daga cikinsu.

Na biyu shi ne batun karin harshe. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun daidaita haruffa, ba su zaɓi kalmomi ba. A Madarunfa ana jin “hwaru” inda Kano ke cewa “faru”, ana jin “ɗunya” a gefen “ɗinya”, “icce” a maimakon “itace”, “ɗiya” a maimakon “ƴaƴa”. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kan nuna ƙasar da kowace kalma ta fito, shi ya sa har yanzu ake komawa gare shi, sai dai aikinsa ya fi ƙarfi a kudancin iyaka. Wanda zai tattara na wannan ɓangare ya kamata ya rubuta sunan itace, da na ɗanyen ɗa, da na nunanne, da na ƙwallo, da na abin da ake sarrafawa, kowanne da garin da aka ji shi. Mata masu tallar kanya da goriba a kasuwannin Madarunfa da Ɗan Isa su ne ya dace a fara tambaya, kuma da rani, lokacin da kayan suke a faifai.