Mangwaron Doba da Kundin da Aka Rubuta Kafin a Haƙo Mai

Waiwayenmu na yau zai kai mu kudancin Chadi, mafarin bututun man da ya ratsa ƙasar Kamaru har bakin teku.

Tun cikin shekarun 1970 aka gano ɗanyen mai a yankin Doba, amma yaƙin basasar da ya rincaɓe a 1979 ya sa aka jingine zancen. Da ƙura ta lafa, kamfanin Esso na Amurka da abokan cinikinsa suka tsara haƙa rijiyoyi kimanin 300 a Kome da Miyandum da Bolobo, da shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa garin Kribi. Da aka nemi Bankin Duniya ya sa hannu, sai ya gindaya sharaɗinsa: kafin a sari ƙasa, sai an bi ta an rubuta halin da take ciki. Wato a ƙirga gonaki da itatuwa, a auna ruwan rijiyoyi da rafuka, a san namun dawa da burtalin makiyaya da makabartu, domin in wani abu ya sauya gobe, a sami ma'aunin da za a gwada shi da shi.

Rahoton farko ya fito a 1997, ya kuwa sha suka daga ƙungiyoyin sa-kai da masana, waɗanda suka ce an bar giɓi da yawa. Aka koma aka sake aiki, a 1999 aka fito da kundi mai juzu'i 19. Wannan ja-in-ja ta yi rana. An karkatar da hanyar bututun daga kwarin Mbere da ke Adamawa, an rage kutsawarsa cikin dajin Deng Deng, aka kuma keɓe gandun daji biyu, Kampo-Ma'an da Mbam-Jerem, a madadin abin da zai salwanta. A watan Yunin 2000 bankin ya amince, a 2003 mai ya fara kwarara.

Labarin mangwaro shi ya fi zama a bakin mutane. Da farko an yi wa bishiya guda kuɗin diyya sefa 3,000. Manoma da masu tsaya musu suka ƙi, suka lissafa abin da take haifarwa kowace shekara da tsawon lokacin da sabon dashe zai ɗauka kafin ya fara 'ya'ya. Daga ƙarshe farashin ya kai sefa 550,000. Bishiyar ba ta sauya ba, masu ita ne suka sa baki tun alƙalami bai bushe ba.

Abin da bai shiga kundi yadda ya kamata ba kuwa, shi ya zama abin kuka. Manomin Doba yakan noma gona 'yan shekaru, ya bar ta saura ta huta, ya koma wata. Tsarin diyya ya biya mutum a kan gonar da ake nomawa, ya ɗauki saura a matsayin dajin gari, alhali kowace saura da mai ita. Daga baya kuma aka yi ta ƙara rijiyoyi har suka zarce adadin farko nesa ba kusa ba, ƙasar noma ta yi ta tsukewa. A gaɓar Kribi an fasa duwatsun cikin teku inda kifi ke taruwa, masunta suka koka da raguwar kamu. A 2002 kwamitin binciken bankin da kansa ya ce ba a auna tasirin aikin a kan yankin gaba ɗaya ba. Bankin ya janye a 2008 kan saɓanin yadda ake kashe kuɗin mai, a 2011 kuma ƙauyukan Doba suka kai ƙara gaban mai sauraron koke na reshensa da ke ba kamfanoni rance.

Mai da'awa shi ke kawo hujja. Wanda ya ce ruwan rijiyarsa ya gurɓace, za a tambaye shi yadda ruwan yake a da. In babu rubutaccen awo, maganarsa ta zama ta fatar baki.

Mu da muke zaune a Maiganga da sauran garuruwan da bututun ya gifta ta kusa da su, yawancinmu fatake ne da mahauta da masu kiwo, kuma irin amfanin da muke yi da ƙasa, kamar mashaya da burtali da kara, shi ne mai saurin faɗuwa daga lissafin baƙo. Don haka duk ranar da masu awo suka sauka a gari, sarakunan unguwa su zauna da su, a kai su kowace rijiya da kowace saura, a rubuta a gaban shaidu da kwanan wata, gari ya riƙe nasa kwafin. Magabata sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Allah ya sa mu dace.