Basasar Ƙasar Kabi: Yaƙin da Gwandu da Argungu Suka Kasa Ƙarewa

Matafiyin da ya bar Birnin Kebbi ya nufi Kalgo a yau, gonakin shinkafa zai gani a fadama da ginin jami'ar tarayya a gefen hanya. A ƙarni na 19 kuwa wannan yanki bakin daga ne, inda manomi ba ya nisa da ganuwa sai da kwari da baka a kafaɗa.

An saba cewa yaƙin Fulani ne da Kabawa, amma wannan bai bai wa labarin haƙƙinsa ba. Ƙasa ɗaya ce ta tsage biyu. Lokacin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi a 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya tsere, masu jihadi kuma suka naɗa Usman Masa, shi ma ɗan gidan sarautar Kabi. Tun daga nan Kabawa suka rabu: wasu suka bi Gwandu, fadar Abdullahi, wasu suka ƙi miƙa wuya. Karari, magajin Hodi, ya riƙe tutar masu turjiya daga Argungu har aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Ashe wuta ce a ƙarƙashin toka. Yakubu ya yi shekaru a Sakkwato har ya sami amincewar Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka bar shi ya koma gida. A 1849 ya yi tawaye, kuma bai tashi shi kaɗai ba: Arawa da Zabarmawa da Dandawa duk sun mara masa baya. Nan da nan hanyoyin Gwandu zuwa yamma suka zama abin tsoro. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya tarar da birni cikin zaman ɗarɗar, abokan gaba na kai hari kusa da ƙofa.

Abin tambaya shi ne yadda ƙaramar Argungu ta gagari daula mai faɗin ta Sakkwato. Amsar tana cikin ƙasar kanta. Ƙarfin Gwandu da Sakkwato dawaki ne, barade cikin lifidi da sulke, kuma doki ba ya son laka. Gulbin Kabi kan cika fadama da damina, ruwan ya daɗe bai janye ba, Kabawa kuwa masunta ne da suka san kowane mashigi. Sai rani ya yi ake iya fita da runduna, ita ma ta manoma ce da dole a sallame su kafin shuka. Babu igwar fasa ganuwa, babu halin zaunar da mayaƙa wata da watanni a bakin birni. Su ma Kabawa ba su da yawan da za su ci Gwandu. Don haka yaƙin ya koma na hari da kwanton ɓauna da ƙone ƙauyuka, kowane ɓangare na kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka. Talakan da ke tsakani shi ya fi shan wuya, domin rumbunsa ake ƙonawa, 'ya'yansa ake kamawa.

Sarakuna ma ba su tsira ba. An kashe Yakubu Nabame a fagen fama a 1854. Magajinsa Yusufu Mainasara ya faɗa hannu, aka kashe shi a Gwandu a 1859. Shekara guda bayan haka Kabawa suka rama, suka kashe Sarkin Gwandu Haliru. Wanda ya gaje shi, Aliyu, ya koma da zama Ambursa don ya tsare iyaka da kansa.

Gajiya ta kawo sulhu zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, abin da ake kira Lafiyar Toga, wadda ta wargaje a 1875. A 1883 Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ya hau gadon Argungu, ya addabi garuruwan Gwandu da Sakkwato, ya kuma fatattaki rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman da ta zo cin birninsa.

Ba a kai ga nasarar kowa ba har Turawan Ingila suka iso, Gwandu ta shiga hannunsu a 1903. Daga baya fadar Gwandu ta koma Birnin Kebbi, tsohon birnin Kabawa, Kalgo kuma ta zama gundumar Sarkin Gobir, sarautar da Yahaya da Haruna Rashid suka riƙe kafin su zama sarakunan Gwandu. Sarkin Musulmi bai shiga Argungu a matsayin baƙo ba sai 1934, lokacin da Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara aka shirya masa bikin kamun kifi.