Pekinis: Karen Fada Da Ya Zama Ganima

A wurin Bahaushe kare na gadi ne ko na farauta, kuma iyakarsa ƙofar gida. To amma akwai wani ɗan kare, nauyinsa bai wuce kilo 3 zuwa 6 ba, wanda tarihinsa ya sarƙe da tarihin faɗuwar babbar daula. Sunansa Pekinis, daga Pekin, wato yadda Turawa suke kiran birnin Bejin na ƙasar Sin a da.

Asalinsa karen fada ne. Mabiya addinin Buda suna girmama zaki, alhali babu zaki a dazuzzukan Sin. Sai masu kiwo a fada suka yi ta zaɓen karnuka masu faffaɗar fuska da geza a wuya, har suka sami abin da suke kira karen zaki. Bayin sarki ne ke lura da su. Ƙananan cikinsu kuwa a hannun riga ake ɗaukarsu.

Masu iya magana sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga 1856 zuwa 1860 Ingila da Faransa suka yaƙi Sin a yaƙin ofiyom na biyu. A watan Oktoba na 1860 sojojinsu suka isa fadar shaƙatawa ta Yuwanmingyuwan, kusa da Bejin, bayan Sarki Shanfeng ya gudu, suka wawashe ta. Daga nan Lod Elgin ya ba da umarni aka cinna mata wuta, ramuwar gayya kan fursunonin Turawa da suka mutu a hannun Sinawa. Cikin hafsoshin da suka halarci ƙonawar har da Cales Godon, wanda mayaƙan Mahadi suka kashe a Hartum a 1885.

Cikin ganimar akwai karnuka 5 da aka kai Ingila. Kyaftin Dunne ya ba Sarauniya Biktoriya ɗaya a 1861, aka raɗa mata suna Luti, daga kalmar Turanci mai nufin wawaso. Mai karatu, dubi wannan suna da kyau. Ba su ɓoye yadda suka same ta ba, sun ma mai da abin wasa! Har hotonta aka zana a shekarar. Daga baya matan attajirai suka yi rububin irin, kuma a 1906 ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi masa rajista.

Halinsa bai bar fada ba. Yana da ji da kai da taurin kai, ba ya rawar jiki wajen bin umarni. Yana manne wa mai shi, yana ɗari-ɗari da baƙo, kuma ba ya tsoron karen da ya ninka shi girma.

Kiwonsa aiki ne ja. Dogon gashinsa sai an taje shi a kai a kai, in ba haka ba ya cukurkuɗe. Idanunsa a waje suke, ƙaramin abu ke ji musu rauni. Babbar matsalar ita ce numfashi. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, shi kuwa an baje masa hanci, don haka zafi na iya kashe shi. Wanda ya lashe gasar Kurafts ta Ingila a 2003, a kan ƙanƙara aka zaunar da shi aka ɗauki hotonsa. A 2008 ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta gyara ƙa'idojin irin, ta ce dole a bar masa hanci.

A taƙaice, sau biyu aka yi amfani da wannan halitta don nuna isa: sarakunan Sin suka siffanta shi, Turawa suka ƙwace shi suka ƙara matse masa fuska don gasa. Fadar da aka ɗauko shi kufai ce har yau, kuma kayanta da yawa suna gidajen tarihin Turai. Ɗalibin tarihi ya lura: wani lokaci shaidar zalunci ba a takarda take ba, tana nan kwance a cinyar wani tana haki.