Amana da Ganin Ƙimar Kai: Daga Ƙuruciya zuwa Girma a Birnin Kano

Tun da Morris Rosenberg ya fitar da ma'auninsa na ganin ƙimar kai mai tambayoyi 10 a 1965, bayan ya gwada shi a kan 'yan sakandare fiye da 5,000 a jihar New York, masana halayyar ɗan Adam ke jayayya kan ko ƙimar da matashi ke ganin kansa da ita tana bin sa har girma. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Dunedin ta ƙasar New Zealand, inda aka bibiyi yara 1,037 haihuwar 1972 zuwa 1973. Rahoton Trzesniewski da abokan aikinta na 2006 ya nuna cewa waɗanda suka raina kansu a ƙuruciya sun fi fama da rashin lafiya, rashin abin hannu da shiga hannun hukuma da suka kai shekara 26, ko da an ware tasirin arzikin iyaye. Matsayin wannan maƙala shi ne a cikin ganuwar Kano wannan ƙima daga amanar da aka damƙa wa yaro take tsira, kuma ma'aunin Rosenberg ba ya hango ta.

Abin da ke hana ma'aunin hango ta kunya ce. Anthony Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya jera kunya da ladabi tare da gaskiya da amana. Ɗan Yakasai ko Mandawari da aka tambaya ko yana da kyawawan halaye masu yawa, sunkuyar da kai zai yi ya ce sai dai wasu su faɗa, mai bincike kuwa ya rubuta masa maki kaɗan. Amma a bi shi kasuwar Kurmi. Da shara da sayo wa ubangida abinci yake farawa, sannan a aike shi Kantin Kwari da kuɗi a aljihu, sannan wata rana a bar masa mukulli da littafin bashi. Kowane mataki shaida ce a idon 'yan layi, shi ma yana auna kansa da ita, kuma ita ce ke sa a yaye shi da jari, dillalai su ba shi kaya ba takarda. Enid Schildkrout ta ga irin haka a wajen 'yan mata a shekarun 1970: cinikin matan kulle a kan farantin 'yar talla ya rataya, ita ke lissafin canji, ita ta san mai biyan bashi.

Roy Baumeister da abokansa sun kawo suka a 2003, cewa nasara ce ke haifar da ganin ƙima fiye da yadda ƙimar ke haifar da nasara. A Kurmi sukar ba ta rushe komai, domin abubuwan biyu juna suke ciyarwa: riƙon ƙaramar amana ke sa yaro ya karɓi babba ba tare da hannu na rawa ba. Ana kuma iya kafa hujja da ɗan daba, wanda ba ya rasa ji da kai amma sau da yawa ƙarshensa ba kyau. Baumeister da kansa, tun 1996, ya danganta tashin hankali da girman kan da aka taɓa, kuma wannan ba ɗaya yake da ƙimar wanda unguwa ta yarda ta ba shi ajiya ba.

Sukar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta talauci, domin ba kowane yaro ke da ubangida ba, talla kuma takan ci lokacin makaranta. Littafin Hannah Hoechner na 2018 kan almajiran Kano ya nuna samari masu aikatau a gidajen da ake raina su, suna kare mutuncinsu da haƙuri da darajar karatun Alƙur'ani. Wannan yana riƙe zuciya, sai dai ba ya buɗe shago. Saboda haka mai binciken da zai bibiyi matasan birni ya kamata ya tambayi abin da aka taɓa bar wa yaro a hannu, yana da shekara nawa, wa ya ba shi, sannan ya nemi ubangidan ko malamin ya ji ta bakinsa.